Baƙuwar da Ka Bar Mini a Falo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san saƙo ba ya isa inda kake. To amma bakina ya saba kawo maka rahoton gida, kuma yau akwai maganar da in ba kai ba, ban ga wanda zan faɗa wa ya gane ba. Masu karantawa su yi mini uzuri.

Baƙuwarka ce ba lafiya.

Ka tuna ranar da ka kawo ta daga Kano cikin leda da ruwa, kana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai? Na leƙa na ce fure ne. Ka yi dariya ka ce dabbar teku ce, anemoni sunanta, baki ɗaya a tsakiya, yatsu masu laushi kewaye da shi. Na ce ikon Allah! Mutum ya gama aikin tashar jiragen ruwa a Legas, ya dawo Daura, maimakon ya sayi tumaki kamar sa'o'insa, sai ya ɗebo teku ya zuba a akwatin gilashi. Ka ce, "Dije, mu muka raba ta da garinsu. Baƙuwa ce, haƙƙinta na wuyanmu." Sunan ya bi ta ke nan.

Na sha yi maka tsiya a kanta. Da bazara, gorar ƙanƙarar da na ajiye don kunun zaƙi ita kake sacewa, ka saka gorar cikin ruwanta don kada ya yi zafi. Solar gidan nan ma, wa ya isa ya ce don ni aka sa? Sai ka ɗauko hantsaki, ka tsinko ɗan jatan lande ka miƙa mata, yatsun su naɗe shi su kai baki, kifayen nan biyu masu ruwan lemo da ka haɗa ta da su suna ta birgima a jikinta. Kullum sai ka ce, "Haske ne tuwonta, nama marmari ne." Ina tsintar wake ina cewa to, to. Wallahi da kunne ɗaya nake jin ka.

Ranar da ka tafi, gida ya cika har zaure. Yaya Hajjo, yayarka, ta shigo falo ta ga shuɗiyar fitilar nan ta kan akwatin tana haska ruwa, yara sun yi dafifi a jikin gilashi. Ta ce gidan makoki ba gidan biki ba ne. Ta kashe fitilar, ta yaye mayafinta ta lulluɓe akwatin. Ba na ganin laifinta, girmama ka ta yi. Injin da ke juya ruwan kaɗai ya tsira, shi ma don ba a gano makunninsa ba ne.

Ni ina ɗaki, ban san gabas ba balle yamma. Autarmu ce ke ɗaga gefen mayafin tana watsa wa kifayen abinci. Aka yi sadakar bakwai, jama'a suka ragu, mayafin na nan. Auta ta koma ɗakin mijinta a Zango, na ci gaba da watsa abincin yadda na ga tana yi, ba na ko leƙawa. Kallon akwatin nan kallon ka ne, Malam, ban iya ba.

Ranar da na yi ta maza na yaye shi, sai da na yi salati. Baƙuwar da na sani ja-ja mai sheƙi ta koma fara fat kamar alli. Ta bar dutsen da take zaune, ta rarrafa ta maƙale a lungu. Bakin a wangale, yatsun sun ƙanƙance. Kifayen ma sun ƙaurace mata.

Ka san mu da majinyaci, ɗure muka iya. Na yanko jatan lande ƙato na ɗora mata a baki. Washegari na tarar ta amayo shi, ruwan ya gurɓace.

Na lalubo lambar mai shagon nan na Kano da ya sayar maka da ita a wayarka. Bai ma ji rasuwarka ba, sai a lokacin ya yi mini ta'aziyya. Shi ya fassara mini maganarka. Ashe wasu 'yan tsirrai ne da ido ba ya gani suke zaune cikin namanta, su ke ba ta launi, su ke dafa mata abinci da haske. Duhu ya kore su. Ya ce in dawo da fitilar sannu a hankali, in canza wani ɓangare na ruwan da gishirin tekun nan naka na buhu, abinci kuma kada ya wuce ƙwayar shinkafa, in ba ta riƙe ba in cire. Ya kuma gargaɗe ni: ranar da ta saki dutse ta fara narkewa tana wari, in fitar da ita nan take, in ba haka ba har kifayen za ta tafi da su.

Auta ta ce in fitar da ita tun yanzu in huta. Yaya Hajjo ta zo ta ga fitila a kunne, ta ce mai takaba da shuɗiyar wuta a falo, me mutane za su ce? Na ce mata amana ce. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

Yanzu aikina ke nan. In na idar da sallar walaha, sai in zo in sunkuya in shinshina ruwan ko ya fara wari. Sannan in zauna a kujerarka in miƙa mata ɗan abinci da hantsakinka, abincin ya zame ya faɗi, in tsame. Gidan tsit, sai ƙarar injin. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa da sabgarsa. Har yanzu in zan tuƙa tuwo sai hannuna ya auni na mutum biyu. Kewarka ta ishe ni, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ita kaɗai ce mai rai a gidan nan da ta saba cin abinci daga hannunka ban da ni.

Yau da safe na miƙa mata kamar kullum. Bai faɗi ba. Yatsa ɗaya ya manne masa, ya lanƙwashe, na kusa da shi ya taya, suka ja shi a hankali har baki, bakin ya rufe. Na kafa ido, sai na ga ɗigo-ɗigon ja a kan yatsun. Ban san lokacin da na juya na ƙwala kira ba: Malam, zo ka gani!

Hularka ce kawai a jikin ƙusa.

Ban sani ba ko za ta tashi, rai na Allah ne. Amma ta ci, kuma kai na fara faɗa wa.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya yalwata makwancinka ya cika shi da haske. Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Baƙuwarka kuwa, muddin ina numfashi, ba mai sake lulluɓe ta.

Wassalam.

Taka,
Dije