Ƙararrawar da na kaɗa wa 'ya'yanka ta raba ni da mahaifiyata

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Bronx.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Habu na unguwar Mount Hope, ɗan Hajiya Rabi ta Gwammaja. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Na tare ka a ƙofar masallaci a titin Grand Concourse, ka dafa kafaɗata ka ce ai wasa ne, ka shige mota. Shi ya sa na rubuto a fili, a guruf ɗin ƙungiya, inda ka fara abin.

Na ɗaya. Ba a coci nake aiki ba, kuma ka sani. Gidan tarihi ne, fili guda da aka tattaro tsofaffin gine-gine aka jera: maƙera, makaranta, shagon ɗinki. A tsakar filin akwai ƙararrawoyin da aka ciro daga coci-cocin da aka rushe, an rataye su a katako. Ba mai ibada a wurin. Ni shara nake yi, ina goge tagullar, in 'yan makaranta sun zo in ja igiya su ji ƙarar. Doguwar baƙar kwat ɗin da nake sakawa kuwa kayan aiki ce, kowane ma'aikaci da irin tasa shigar ta mutanen da.

Na biyu. Asabar ɗin bayan Babbar Sallah kai da kanka ka kawo iyalan ƙungiya yawon buɗe ido. Ni na yi muku jagora. 'Ya'yanka ne suka riƙe mini hannu suna roƙo da Turanci sai na kaɗa babbar. Na kaɗa, ka ɗauki bidiyo kana dariya, muka yi la'asar tare a kan ciyawa, ni na nuna maka gabas. Da yamma ka saka bidiyon a guruf ɗin ƙungiya, ka rubuta a ƙasa: Habu ya zama fasto. Sallar da muka yi fa, Alhaji? Ita ba ta cancanci bidiyo ba?

Na uku. A nan an yi dariya an wuce. Amma bidiyo ba ya tafiya da dariyar da aka yi lokacin ɗaukarsa. Wani ya tura wa wani, har ya isa Kano, aka kai wa mahaifiyata tana kwance da ciwon ƙoda. Me ta gani? Autanta cikin baƙar riga, yana jan igiyar ƙararrawa mai gicciye a jiki, ga shaidar babban mutum, Alhaji guda, a rubuce. Tun ranar ba ta ƙara karɓar wayata ba. Yaya Binta, babbar yayata da ke jinyarta, ta ce in an kara mata wayar a kunne sai ta juya fuska bango. Na yi rantsuwa, na tura muryata ina karanta Yasin, Hajiya ta ce ai wanda ya iya fita daga addini zai iya rantsuwar ƙarya.

Ban yi zurfi a boko ba, Alhaji. Da takardun ƙunshe ƙosai na koyi haɗa baƙi, kuma har yau duk allon da na gani sai na karanta. Amma ban taɓa karanta inda aka halatta wa Musulmi ya jefi ɗan'uwansa da ridda don a yi nishaɗi ba. In kai ka gani, nuna mini.

Takarduna na zama a ƙasar nan ba su fito ba, in na hau jirgi a filin jirgin JFK ba ni ba dawowa, kuma da kuɗin aikin nan ake yi wa Hajiya wankin ƙoda. Wato ba zan iya zuwa in durƙusa a gabanta ba, ba zan iya barin aikin ba. Jikin nata kuma ƙara tsananta yake yi. Idan ta cika tana ganin na bar Musulunci, wa zai nemo mini yafiyarta? Kai?

Ga roƙona, kuma wallahi da hawaye nake yin sa. Ka kira wayar Yaya Binta ta bidiyo, Hajiya ta ga fuskarka da gemunka, ka gaya mata da bakinka cewa kai ka ƙirƙiri maganar, kuma ranar a sahu ɗaya muka yi salla. Rubutunka ta yarda da shi, bakinka kawai zai goge shi. Sannan ran Juma'a ka miƙe ka faɗa wa jama'a, ka saka a guruf ɗin, a tura shi ya bi hanyar da na farko ya bi. Ba na neman ka ba ni haƙuri. Riƙe haƙurinka, ka ba ni uwata.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya raya maka zuri'a, kada Ya nuna maka ranar da za ka kira wanda kake ƙauna ya juya maka baya. Yau nake so ka kira, Alhaji, ba gobe ba. Wayata tana hannuna, ina jiran in ji Hajiya ta ce Auta.

Wassalam.

Habu ɗan Hajiya Rabi,
Mount Hope, Bronx.