Kunyoyin Mika'ilu

Briketeri, Yawunde
Janairu, 1994

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Garwa? Sali, kai da kake karanta mata, ina gaishe ka, kuma don Allah kada ka tsallake komai.

Kin aiko kina tambayar yadda abin ya faru. Goggo, ba wanda ya faɗa mini da baki. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai Hamadu maƙwabcinmu ya yi sallama, ga addar Mika'ilu a hannu ɗaya, ga takalmansa na roba a ɗayan, duk taɓo. Mutum ba ya barin fadama ba takalmi. Na dubi takalman nan, na ajiye rariya, na san mijina ba zai dawo ba. Daga baya aka ce mini yana cikin saran ciyawa ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kin san tun da kamfaninsu ya rufe aka sallami direbobi bai iya zama ba. Wata tsohuwa 'yar ƙasa, Mama Ngono, ta ara masa yanki a fadamar gangaren Ekudu, zai sa alayyafo da salak da yakuwa a riƙa kaiwa kasuwar Mokolo, ita kuma a riƙa ba ta na miya. Ni ban taɓa zuwa wurin ba.

Ga ƙa'idarsu a nan: wanda ya sare ciyawa ya shuka kafin ruwa ya zauna, shi ke da wuri. Wanda ya bari, a ba wani. Bana kuwa kowa fadama yake nema. An yanke albashi, kuɗi ya karye, har masu kwat za ki gani da fartanya a kafaɗa. Shekaranjiya Mama Ngono ta zo gaisuwa, ta yi kuka tare da ni, da za ta tashi ta ce mutane sun fara zuwa neman wurin. Ban ga laifinta ba. Ita ma ci take yi.

Ni kuma ga takaba. Zama ya gagare ni, Goggo. Ina sake wanke abin da na wanke, ina share inda na share. Kin ce idan na fita in tattara yara mu dawo gida. Ki ɗan ba ni lokaci. In wurin nan ya tsaya a hannuna, zan iya riƙe Jannatu da Adawiyya a lakwal, makarantarsu ta boko, yadda ubansu ya so. In ya tafi, sai mu hau jirgi.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa shi a addu'a.

'Yarki,
Kulsum

Briketeri
Cikin azumi

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Na ji an ce zafi ya fara a can. Allah ya ba mu ladan watan. Kilishin ya iso, yara suna godiya.

Na aika an tambayi malamin masallacinmu, ya ce mai takaba tana iya fita da rana neman abin da za ta ci, in dai a ɗakinta za ta kwana. Matan gidanmu ba su ji daɗi ba. Ina wucewa da adda a ƙarƙashin mayafi sai hira ta tsaya. Na bar su da Allah.

Ciyawar kudu ba irin tamu ba ce. Ta fi ni tsawo, tana yanka kamar reza, hannuwana duk sun tsattsage. Saiwarta kuma sai an bi ta da fartanya an tono, in ba haka ba kwana kaɗan ta dawo. Da azumi a bakina nake yi, in jiri ya ɗebe ni in zauna a gindin ayaba.

Amma ba wannan nake son gaya miki ba. Ranar da na fara zuwa, na tarar Mika'ilu ya riga ya share rabin wurin. A tsakiya ya tara ƙasa, ya ta da kunyoyi uku, dogaye, masu tudu, a jere. Goggo, kin san mu mata ba ma raka gawa. Ban ga inda aka kwantar da shi ba. Da na ga tudun ƙasar nan, kabari kawai na gani. Kullum ina sara ina juya musu baya, amma ina jin su a bayana. Rannan na kasa. Na ɗauki fartanya na baje su duka, ban tsaya ba sai da wurin ya kwanta.

Sai na yi yadda kika koya mini a lambunmu na bakin Binuwai. Na ja fangali, na zurfafa cikinsa, na yi masa baki don ya riƙe ruwa. Da kin gani da kin yaba. Mama Ngono ta zo ta tarar, ta ɗora hannu a ka, ta yi ta nuna mini rafi tana nuna mini sama, tana cewa in mayar da ƙasar yadda take. Na gane abin da take nufi sarai. Na ce mata ni jikar masu lambu ce. Gaskiyar kuwa, ba zan iya sake ganin tudun nan ba.

Na zuba irin alayyafon da ya saya ya bari. Har ya fara tsirowa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, da na dawo gida sai in ji kamar in koma.

A gaida Sali da iyalinsa.

Taki,
Kulsum

Briketeri
Bayan Sallah

Goggona,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu ba mu yi wata Sallah ba, amma yara sun ci shinkafa a gidan Hamadu.

Ruwa ya sauka, Goggo. Da azahar ya fara, kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai la'asar. Ban jira ya gama tsanewa ba na gangara. Rafi ya hau. Fangalina ya yi abin da na gina shi ya yi, ya riƙe ruwa. Kowane ɗaya ya zama tafki, tsiron duk yana ƙarƙashi, da ledoji da tarkacen unguwa a kai. Gefe da gefe kuwa ga kunyoyin mutane tsaye, ganyensu ko a jikinsa.

Na tsaya cikin ruwa har ƙwauri. Can a gida muna roƙon ruwa ya zauna, a nan roƙonsa ake ya wuce. Mika'ilu direba ne, bai taɓa lambu ba, amma ya duba maƙwabta ya koya. Ya ta da mana ƙasar da za mu ci, aikinsa na ƙarshe a duniya ke nan, ni kuma na baje da hannuna. Tun rasuwarsa ban yi kuka irin na ranar ba.

Mama Ngono ba ta yi mini faɗa ba. Washegari ta zo da wani mutum, ma'aikacin banki ne da aka sallama, mai 'ya'ya da yawa. Ta kafa sanda a tsakiyar wurin. Ɓangaren da na sha wahalar sarewa ta ba shi. Ɓangaren da Mika'ilu ya share ta bar mini, ta ce in ta dawo Juma'a ba ta ga kunya da shuka ba, wannan ɓangaren ma ya tafi. Na yi mata godiya. Rabi ba zai ishe mu yadda muka yi lissafi ba, amma zai riƙe mu, in na haɗa da ƙosan safe.

Na fara tara ƙasar. Jiƙaƙƙiya ce, nauyi gare ta, bayana kamar zai ɓalle. Da tudun farko ya tashi na zaci zan gudu. Sai na tsuguna na daddaɓe gefensa da tafin hannu, na yi masa addu'ar da ban samu yi a kansa ba. Har yanzu ba na son kallonsu, amma ina iya aiki a tsakaninsu.

Don haka kada ki turo Sali ya ɗauke mu. Na san don ƙauna kika faɗa, ki yafe mini. In Juma'a ta zo wurin ya kuɓuce, ni da kaina zan rubuto.

Ki gaida mutanen gida, manya da yara. Jannatu da Adawiyya suna gaishe ki.

Kunya biyu na ta da. Saura ɗaya, ban haƙa hanyar ruwa ba, iri kuma ban samo ba tukuna.

'Yarki,
Kulsum