Shingen da Na Yi wa Furenki

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Yara suna lafiya, sai ƙorafin girkina da ba ya ƙarewa.

Abin da na kasa faɗa a waya ne ya sa na ɗauki biro. Sau uku kina tambayata furen nan naki na kan dutse, sau uku ina ce miki yana nan lafiya. Ƙarya nake yi.

Bayan tafiyarki na hau wurin da kike ƙirga shi, gefen da katafila ta yanke. Ƙasa tsirara, sai tsakuwa da sawun awaki, ga ɗan furen shuɗi, bai kai farcen yatsa ba. Sai ya ba ni tausayi. Shekara uku kina hawa da littafi da ma'auni saboda digirinki, ni kuwa ko jaka ban taɓa riƙe miki ba. Na ce bari in yi abin kirki. Na kewaye wurin da shinge, na zuba taki buhu huɗu, ina hawa da jarkar ruwa duk Asabar. Har ina hango irin murnar da za ki yi.

Kin sha gaya mini cewa shi ba ya son gata, sai inda aka kwarzane ƙasa babu wata ciyawa. Ina gyaɗa miki kai ne kawai, hankalina yana kan ƙwallo.

Yanzu ciyawa ta kai gwiwa. Na durƙusa ina dubawa tun safe har azahar, babu furen ko ɗaya a cikin shingen. Malaminki kuma ya aiko cewa ranar Litinin zai zo ganin wurin, ban so ki ji a bakinsa ba.

Jiya na cire shingen, na bar awaki suka shiga. Ina saukowa sai na ga furen guda biyu, daidai inda na taɓa zamewa da buhun taki har na ɓare ƙasa. Ban taɓa su ba, ban ba su ruwa ba. Zama na yi a gefe, kunya kamar ta kashe ni.

Ban sani ba ko biyu za su ishe ki. Ki yafe mini, ki rubuto abin da zan yi. Kafin amsarki ta zo, hannuwana suna cikin aljihu.

Ki gaishe mini da Inna.

Naki mai kunnen ƙashi,
Baban yara