Ramin da Ke Cikin Ƙafar Kujera

Zuwa ga ƙanena, injiniyan gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, in ban da Baba da yake kwance da ƙugu tun ranar Talata. Dalilin wasiƙar ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake da kai.

Ka tuna zuwanka na bara, da ka shigo masana'antar robarmu da takalminka mai sheƙi? Ka tarar da Kawu yana jiran kujera ta huce a cikin inji. Ka shafa wadda ta fito da bayan hannu, ka ce ai ta yi sanyi, tsufa ne kawai ke sa shi jan ƙafa. Kawu ya ce maka roba ba ƙarfe ba ce, zafi ba ya saurin fita daga cikinta. Bayanta zai huce alhali cikin yana nan narke, balle a ƙafa inda ta fi kauri. Ka yi masa dariya a gaban ma'aikata, ka rage lokacin hucewa da rabi, ka sa Baba ya mayar da shi gadin ƙofa. Mutumin da ya shekara talatin a kan injin nan!

To, kujerun da aka yi bayan nan, cikinsu ya huce daga baya, ya tsuke, ya bar rami a tsakiyar ƙafa inda ido ba ya gani. Baba ya ajiye ɗaya a ƙofar ɗakinsa, kowane baƙo sai ya nuna masa aikin ɗansa. Ita ce ta karye da Baba yana zaune a kai. Kawun da ka wulaƙanta shi ne ya goya shi zuwa mota.

Na sa zarto na yanke ƙafar, tana cikin ƙunshin nan. Zura yatsanka a ramin, tunda da hannu kake gwada ilminka. Har yanzu Baba ya ƙi mayar da Kawu kan injin, wai sai da yawunka. Shi kuwa Kawu ya ce ƙarshen wata zai tattara ya koma wajen 'yarsa. Ka kira shi ka ba shi haƙuri kafin lokacin. In girman kai ya hana ka, kada ka sake nemana.

Inna da Gwaggo suna gaishe ka, a gaida matarka da yara. Kawu bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yayarka.