Gadon da Ka Gina wa Inna

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk muna lafiya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma akwai maganar da nake riƙe da ita tun makon jiya, kuma kai ne ya kamata ka fara jin ta. Maganar gadon ƙasan nan ce da ka gina wa Inna, wanda saura ƙiris ya raba ta da ɗakinta.

Ka tuna irin tsiyar da kake yi mini a kan sana'ata? Kai ka yi rayuwarka kana ɗumama wa mutane ɗaki, ni kuma na buɗe shago a unguwar Wemtenga ina gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Kakan ce wa abokanka, "Na haifi ɗa, ya tashi yana warware mini aiki." Ni ma ba na raga maka. A raina kallon mutumin da nake yi maka, mai laka a farce, wanda zamani ya wuce ya bari. Yau dai na zo da kaina a ƙasa.

Kai ka ba ni tarihin wutar jin ɗumi, ko da yake da kunne ɗaya nake saurarenka. Ka ce zamanin da Kaka ke fataucin goro, idan sanyi ya sauko, itace ake hurawa a tsakar zaure, baƙi da masu gida su kewaye shi. Rufi ya yi baƙi ƙirin, idanu su yi ja, riguna su ɗauki ƙauri. Amma ka ce wutar itace mai gaskiya ce, domin idan ta yi yawa sai ta sa mutum tari, ya tashi ya buɗe ƙofa ko bai so ba.

Daga nan aka koma kasko da furno, wato murhun gawayi na ƙarfe, kowa ya ce an ci gaba. A nan kake gyara zama ka ɗaga yatsa. "Gawayi munafuki ne," kake cewa, "ba ya hayaƙi, ba ya gargaɗi." Da mutane suka daina ganin hayaƙi sai suka fara rufe ƙofa, har da toshe ƙasanta da tsumma. Ka ce ka sha zuwa jana'izar waɗanda suka kwanta lafiya lau da kasko a gefensu.

Bayan haka risho na kananzir ya zo da warinsa, sannan na'urorin lantarki da ake jerawa a kasuwar Rood Woko duk lokacin sanyi. Ba ka taɓa zagin ko ɗaya ba, wannan kam na shaide ka. Sai dai ka juya abu a hannu, ka leƙa ƙasansa, ka tambayi mai sayarwa, "To, shi kuma wannan ta ina yake cutarwa?" Har kunya nake ji in bi ka kasuwa.

Shi gadon Inna, ka gina shi shekarar da aka haifi Yaya Zali, babbarmu. Inna ta fito daga jego da sanyin ƙashi, ko ruwan alwala ta taɓa sai gwiwa ta riƙe. Gidanmu na Zongo kuwa ka san shi, ɗaki biyu ne da rumfa, ba ka taɓa samun turaka ba. Sai ka tuno irin gadon da ka gani a ƙauyenku can Adar kana yaro, ka kwaɓa ƙasa ka gina shi jingine da bango. Ka yi masa baki ta wajen ƙafa, da murfin ƙarfe, inda ake zuba garwashi.

Dokokinka uku ne, har yau ina iya jero su. Garwashi kwano ɗaya, ba ƙari. Sai wanda ya gama ci ya yi ja. Tagar sama kuma a bar ta a buɗe ko da sanyi zai tsaga dutse. Da kanka kake zubawa bayan magariba, ba ka yarda kowa ya taɓa ba. Mu dai abin da muka sani, mu hau mu yi birgima kafin a kore mu. Ban taɓa tambayar kaina ina iskar garwashin take bi ta fita ba.

Baba, sanyi uku ke nan ba ka. Tun na farko Inna ta fara ƙorafi cewa gadon ya daina ɗumi. "Gadon ga ya bi mai shi," in ji ta. Ni kuwa, gwanin zamani, ko hannu ban ɗora a kansa ba. Na ce tsufa ne, ƙasa ta gaji. Na hau babur na je na sayo mata na'urar lantarki mai jan ido. Ranar farko ta ɗauke wutar gidan gaba ɗaya. Yanzu haka tana kusurwa, Inna ta lulluɓe ta da zane ta ɗora carbi a kai. Abin da ban sani ba shi ne, ta koma ƙara garwashi, kwano biyu, wani lokaci uku.

Sai ga daminar bana ta zaizaye bangon bayan ɗakin, wajen lungun nan da kake ɗaure tumaki. Na kawo siminti na shafe shi sumul daga sama har ƙasa. Na ga wani rami can ƙasa-ƙasa, na ce ɓeraye sun samu hanya, na cusa masa dutse na liƙe. Har hoto na ɗauka na tura wa Yaya Zali don ta yaba mini.

Da sanyi ya fara, wata safiya matata ta kai wa Inna koko, ta same ta zaune a bakin gado, kai na sara, tana amai, ba ta iya miƙewa. Aka kai ta asibiti. Likita ya ce iskar gawayi ce, kuma Allah ne ya sa tagar sama a buɗe take. Dokarka ta uku ce ta tsare ta, Baba. Ita kaɗai ce ba mu karya ba.

Ka san Yaya Zali, ba ta canza ba. A ƙofar asibiti ta tsare ni. "Harisu, ko ka fasa gadon nan kafin Juma'a, ko in ɗauke ta mu tafi gidana a Tanghin. C'est fini, magana ta ƙare." Ban ga laifinta ba, tsoro ne ya kama ta, ni ma ya kama ni. Gidanta na da fili, ga iska daga dam, ga jikoki masu kiran Inna Yaaba, wato kaka, suna rige-rigen kai mata ruwa. Amma da aka sallamo Inna ta dawo ɗakinta, sai ta juya fuska bango ta ce, "Ni ba ni zuwa ko'ina, kuma wanda duk ya taɓa gadon ga, ni da shi har lahira." Ta daina cin abinci sosai. Na ga alamar idan aka fitar da ita daga ɗakin nan, ba za ta daɗe ba.

Ranar Laraba na zo da akwatin kayan aikina na ajiye a tsakar ɗakin. Na buɗe, na duba, na ga babu ko abu ɗaya a ciki da zai yi magana da laka. Dariya ta kusa kama ni. Sai na zauna a bakin gadon na yi ta tuno yadda kake yi idan aka kira ka gyaran tanderu ko murhu.

Na tuna ba ka fara taɓa komai. Kakan zagaya, hannu a baya, kamar mai neman allura. Kakan ce, "Abin da ya shekara talatin yana aiki ba ya lalacewa don kansa. Nemo wanda ya taɓa shi." Da na tuno wannan, sai na san wanda ya taɓa ɗakin nan bana.

Na yi irin gwajinka. Na fitar da Inna rumfa, na buɗe ƙofa, na kunna ɗan tsumma a bakin gadon. Maimakon hayaƙin ya shige ciki, sai ya yi tsaye, ya dawo mini a fuska. Na zagaya lungu da guduma ina ƙwanƙwasa simintina mai kyau har na ji inda ya yi amon fanko. Na fasa. Na zaro dutsen da na cusa da hannuna, sai ga wuyan tulu a bayansa, ka dasa shi a cikin bango, ya yi baƙi da shekaru. Ashe ramin ɓerayena hancin gadon ne. Na koma na sake kunna tsumma, hayaƙi ya bi ciki zuruf kamar ana jan sa da igiya.

Na tsaya a lungun nan ina jin kunya da sha'awa a lokaci ɗaya. Ba ka yi lakkwal ba, wato boko, ba ka da takardar shaida ko ɗaya, amma ka san iska mai zafi sama take nema, ka karkata wuyan tulun daidai yadda ruwan sama ba zai shiga ba. Ni mai takardu na zo na shaƙe shi.

Saura ƙorafin farko, na rashin ɗumi, wanda ya girmi simintina da shekara biyu. Na zuba garwashi kwano ɗaya da rana tsaka, na jira, sannan na bi gadon da tafin hannu taki-taki. Gefen bango ya ɗauki ɗumi mai daɗi tun daga ƙafa har kai. Gefen ƙofa kuwa sanyi ƙalau. Na ce yauwa, ga toshiya ta biyu. Na zura sandar ƙarfe ina neman hanya, na yi ta soka, babu. Ba toshewa ya yi ba. Ƙasa ce cunkus, ba a taɓa yin rami a wannan gefen ba.

Na daɗe kafin na gane lissafinka. Kwano ɗaya ba zai ɗumama gado duka ba. Ko a ƙara garwashi a shiga hatsari, ko a raba ɗumin ya zama ba na kowa ba, ko a tara shi wuri ɗaya. Kai ka tara shi wuri ɗaya.

Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun sanyin farko, abin da kai kake farawa da shi. Na tambayi mai ɗakin. Na durƙusa gaban Inna a rumfa na tambaye ta ta wane gefe take kwanciya. Ta harare ni, don tambayar ta yi mata nauyi daga bakin ɗa. Can ta ce da can gefen bango ne nata. Amma tun ranar da aka fita da kai, ta koma wurinka, gefen ƙofa, ba ta sake komawa ba.

Na kama hannunta na kai ta ɗakin, na ɗora shi a gefen bango, sannan na ɗora shi a gefenka. Ta sake yi da kanta, sau biyu.  Sai ta ce, "Kai, Malam maƙaryaci! Kullum in na ce ya matso, sai ya ce shi ba ya jin sanyi. Da riga biyu yake kwana, ni ina ce masa tsohon banza." Tana dariya, hawaye na zuba. Duk tsawon zamanku ta ɗauka gadon duka ɗumi gare shi.

Na yi kuka, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na tuna tarin da kake yi kowace safiyar sanyi a bakin rijiya, muna cewa goro ne.

Yaya Zali ta zo ranar Juma'a da mota, a shirye take ta kwashe kaya. Na nuna mata wuyan tulun, da bututun da na ƙara masa ya haura katanga, da ƙaramar na'urar da na kafa a bango mai ƙara idan iska ta gurɓace. Ba su gamsar da ita ba. Sai Inna ta kama hannunta, ta yi mata yadda na yi mata. Da Yaya Zali ta ji bambancin gefen biyu, sai ta fita ta sallami direban motar.

Na ce wa Inna zan iya fasa gefen ƙofar in yi masa hanya, in raba ɗumin. Ta ce in kuskura. Ta ɗauki matashinta ta mayar gefen bango, ta ce tunda don ita aka yi, ƙin kwanciya a wurin butulci ne. Yanzu ni nake zuba mata garwashin bayan magariba, kwano ɗaya, kafin in wuce gida. Gefenka kuma ta shimfiɗa masa bargo, ba mai zama.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya karɓi abin da ka yi a ɓoye wanda ko matarka ba ta sani ba. Allah ya yalwata makwancinka, ya kyautata shi daga wannan gefe har wancan, kada ya bar maka wurin sanyi ko taki ɗaya. Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Ɗanka da ya toshe ramin, ya kuma buɗe shi,
Harisu
Zongo, Wagadugu