Takardar Naɗe Dambu

Yamai, 12 ga Oktoba, 1984

Yaya Baraka,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ƙafarta? An raba muku hatsin taimako a Mirriya kuwa? Allah ya kawo mana ruwa.

Ni lafiya lau, ina ci ina ƙoshi, ki faɗa wa Inna haka. Sauran kuma tsakaninmu ne.

Gwaggo Tamadi tana sayar da abincin rana a zauren gidanta na unguwar Bukoki, wanda take alfahari kakanmu ya gina tun Yamai tana ƙauye. Ma'aikatan buro, wato ofis, da sojoji ke cika shi, ni ke miƙa kwano. Ranar Talata takardar naɗe dambu ta ƙare, sai ta ɗaga tabarmata ta ɗauko roman ɗina, littafin labarin da nake karantawa, ta yayyage. Yaya, a gefen shafukan nan na rubuta sunan Mutari, saurayin da nake so, da abubuwan da ko ke ban faɗa wa ba!

Wani kaporal na soja ya buɗe ƙunshinsa, ya miƙe ya karanta wa zaure duka. Yanzu kowa ya shigo sai ya ce, "Madam Mutari, ƙaro yaji." Da na yi kuka, Gwaggo cewa ta yi, "Mutane na mutuwa da yunwa, ke takarda kike wa kuka?"

Direbobin Damagaram nan suke ci. Don Allah ki riga su zuwa wurin Baba, ki lallashe shi, kada ya ji a tasha.

Ko ƙarshen labarin ban karanta ba. Kaporal ya goge hannunsa da shi.

Ƙanwarki,
Saude