Ranar da Inna Ta Yabi Dambuna

Laraba da dare, Pantami

Bidiyon tallar dambun naman da na sha wahalar shiryawa ko kallo bai samu ba. Wanda ƙanwata ta ɗauka a ɓoye, Inna tana ɗanɗanawa, shi ya zaga Gombe. Cewa kawai ta yi, "Yarinyar nan dai ta iya," ta kau da kai. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba, balle yabo. Mata sai rubutowa suke, "Wallahi haka tsohuwarmu take." Ashe kowacce uwarta ta gani, shi ya sa take turawa.

Masu saye sun hana wayata hutawa, amma Inna ta ce mun kunyata ta, a goge. Gobe zan sauke shi. Na cikin wayata kam yana nan, don na san ba za ta sake faɗa ba.